Gaurakan da Na Gada

Ni tun asali ba son tsuntsun nan nake yi ba. Maigidana ne ya sayo shi, a shekarun da aka ba mu jiha, lokacin da Jalingo ta cika da sababbin manya, kowa ya ja katanga sai ya nemi gauraka ya saka a tsakar gida don a san ya isa. Alhaji ɗan kasuwar hatsi ne, iyayensa daga Kano suka zo. Ba kwamishina ba ne, ba darakta ba, amma ya ga ana yi. Wata la'asar sai ga shi da kwali a bayan babur, ciki wani ɗan tsako mai dogayen ƙafafu, mummuna, ko tukku bai fito masa ba.

Na ce, "Alhaji, wace tsiya ce kuma wannan ka kwaso mana?"

Ya ce in bari ya girma in gani. Ya kuwa girma. In ya miƙe wuya har ƙirjina yake kawowa, tukkunsa ruwan zinariya kamar sabuwar tsintsiya, kumatu fari da ja. Kyau kam ba a magana. Amma ya cinye mini dawar da na shanya, ya sari 'ya'yan baƙi, da asuba kuma ya dinga kuka kamar hon ɗin tsohuwar mota. Duk bayan 'yan watanni Alhaji zai danne shi a hammata, ya ja fiffiken dama, ya datse dogayen gashin da almakashin ɗinkina. Fiffike ɗaya ake yankewa, don in ya yunƙura zai tashi ya karkace ya faɗo. Haka kowa yake yi a garin. Ni abin da ya dame ni a lokacin almakashina ne da yake dakushewa.

Alhaji ya rasu a ƙarshen rani, zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Ban yi kuka ba. Ba dauriya ba ce, ba kuma tawakkali ba ne kamar yadda wasu suka yi ta yaba mini, kukan ne bai zo ba. Mata suka cika gida suna sharɓe, ina zaune a tsakiyarsu ina kallon wata tabarma da bakinta ya fara warwarewa. Ni da aka sani a unguwarmu ta Majidaɗi da baki, wadda mai nama in ya hango ni yake fara ƙara tsoka tun ban iso ba, sai ga ni ana magana ina cewa "to". A ba ni abinci in ci, a ce in kwanta in kwanta. Haka na yi takabata, ban san ranar Talata daga ta Juma'a ba.

'Ya'yanmu biyu ne, duka mata, duka suna gidajen mazajensu, saboda haka wan Alhaji, wanda nake kira Yaya, ya shigo cikin gado. Ranar rabo ina kallo aka yi ta fita da kaya. Babur ya fita, buhunan sito suka fita, manyan riguna, rediyo, har butar alwalarsa wani ya roƙa don tabarruki. Ko a jikina. Sai da aka zo kan gauraka, Yaya ya ce wannan ba sai an yi masa kuɗi ba, akwai wani babba a sakatariya da ya daɗe yana sha'awarsa, za a kai masa kyauta.

Na ji bakina ya ce, "A sa shi a tumunina."

Tumuni shi ne rabon matar mamaci. Malamin da yake rabon ya ɗago ya dube ni. Yaya ya ce, "Ke da kike zagin tsuntsun nan safe da yamma?"

Na ce, "Ina zaginsa, Yaya. A sa shi a nawa."

Aka sa. Wallahi a ranar da an tambaye ni dalili ba ni da shi.

Bayan na fita takaba ne malamin daji ya zo. Ma'aikacin gandun daji ne, Bamumuye, ya kusa ritaya, kakinsa ya koɗe ya zama kalar ƙasa. Lokacin ana wahalar mai, rabin tafiyarsa tura babur ɗinsa yake yi. Ashe ya daɗe yana yawo a Barade da Majidaɗi da unguwar manya, duk gidan da ya ji kukan gauraka da safe sai ya koma ya yi sallama. Na sa aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, na zauna daga bakin ƙofa. Hausarsa irin ta nan ce, "ka" yake ce mini, tsuntsun kuma "ita".

Ya ce yana yaro fadamun da ke gangarawa Binuwai cike suke da gauraki, in suka tashi sai ka ji kamar ana kaɗa tabarmi. Yanzu sai ka wuni ba ka ga biyu ba. Tunda gari ya fara saye, mafarauta da masu kiwo suke bin ciyawa da damina suna kwashe 'ya'yan daga sheƙa. Ya ce, "Hajiya, wannan abu ba kaza ba ne. A gida ba ta yin ƙwai. Ka riƙe ta, ka ba ta abinci, ta tsufa, ta mutu, iri ya ƙare." Abin da yake so shi ne ya tara mafarauta da manoman shinkafa da Fulanin wata fadama can bayan Sunkani, su yi alkawarin barin sheƙa, mutanen gari kuma su mayar da waɗanda suke tsare da su. Duk gidan da ya je an sallame shi da ruwan sanyi. Masu kirkin ciki suka ce sai sun ga wanda ya fara.

Ban ji tausayin gauraki ba, gaskiya. Jawabinsa ya bi ta kaina ya wuce kamar sanarwar rediyo. Abin da ya tsaya mini ɗaya ne. Tun ranar da aka ɗauki Alhaji a makara, duk abin da ya fita daga gidan nan ɗaukarsa aka yi aka fitar. Sai na ji ina so abu ɗaya ya tafi da kansa, ya tafi inda ya ga dama. Shi ne abu na farko da na so tun bayan rasuwar, shi ya sa na riƙe shi da hannu biyu.

Na ce, "To me zan yi?"

Ya ce, "Kada ka yanka gashi. Shi ne aikin."

Ashe aiki ne. Gashin da aka datse ba ya tsawo, sai ya zube wani ya fito, kuma ɗaya bayan ɗaya yake zuba, ba ya sauri don kowa. Damina ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta kama. Malamin daji ya samo tsohuwar koma wajen wani masunci, aka rufe saman tsakar gidan da ita don kada tsuntsun ya tsallake katanga ya faɗa hannun 'yan unguwa. Ya hana ni ba shi abinci a kwano, sai dai in watsa a ƙasa cikin ciyawar da na bari ta fito a bayan ɗaki, ya nema da kansa. Ya hana ni yi masa magana ma, na ce wannan kam ka hutar da ni. Da safe in na idar da salla sai in zauna a kan turmi in dube shi. Ba tunani nake yi ba, kallo ne kawai. Har aka kai lokacin da yake ɗibar gudu daga bakin rijiya zuwa madafa yana dukan iska, murafan tukwane suna zubewa, ƙafafunsa suna barin ƙasa har kansa ya taɓa koma.

Maƙwabta suka samu abin yi. Wata ta leƙo ta ce, "Hajiya, yaya angon naki?" Da can da sai ta gwammace ba ta fito ba ranar. Na ce yana lafiya. Sau ɗaya ne kawai tsohon bakina ya dawo, ranar da Yaya ya zo da direban babban nan na sakatariya wai su duba ko na canza ra'ayi. Na ce, "Yaya, babur kun ɗauka, hatsi kun ɗauka, rigunan da ke jikinka ma na san wanda ya ɗinka su. Wannan malam ya rubuta nawa ne. In mai gidan naku yana son abin da zai yi masa kuka da asuba, ya sayi zakara!" Suka fita sumui-sumui. Ko da na faɗa ɗin, bakina ne ya yi aikinsa, ƙirjina shiru yake.

Shi kuwa malamin daji yana can yana fama da mutane. Duk zuwan da zai yi sai ya ba ni labari ko ban tambaya ba. Manoma sun ce gauraki suna ci musu shinkafa. Mafarauta sun ce in sun bari wasu za su zo daga wani gari su kwashe. Fulani da manoma kuma ba sa son zama tabarma ɗaya, saboda rigimar shanu da gonaki da ba ta ƙarewa. Ya bi su ranar kasuwar Sunkani, ya bi su gona, ya bi su ruga, da goro a aljihu. Wani ya yarda yau, gobe ya ce bai san zancen ba. Na taɓa ce masa, "Malam, kai ba ka gajiya ne?" Ya yi dariya ya ce ya gaji tun bara.

A ƙarshen daminar aka sa rana. Muka naɗe gauraka da tsohon zani, aka zura masa safa a ka don ya natsu, aka sa shi a bayan akori-kura. Muka wuce Sunkani, muka bar kwalta, muka bi wata hanya mai taɓo har inda mota ta ce ta gaji. Daga nan da ƙafa. Fadamar shimfiɗe take, ruwa da ciyawa har inda ido ya tsaya. A gindin wata babbar ɗorawa na ga mutane sun taru, kowane ɓangare da gefensa. Mafarauta da rigunansu masu layu, manoma da laka har gwiwa, Fulani a tsaye sun dogara da sanduna. Aka yi ta magana da Hausa da Fulatanci da Mumuye, ana fassara, ana gardama, wani ya tashi zai tafi a riƙo shi. Rana ta take kafin a daidaita. Mafarauta ba za su taɓa sheƙa ba kuma ba za su bar baƙo ya taɓa ba. Manoma za su bar gefen ruwa ba su nome ba. Fulani za su kauce wa wurin da shanu har 'ya'yan su tashi. Aka yi fatiha, waɗanda ba Musulmi ba suka yi tasu addu'ar, aka raba goro.

Sannan malamin daji ya kira Arɗon rugar da ta fi kusa da ruwan. Dattijo ne siriri, da malafa, maganarsa a hankali kamar ba ya so ya tashi wani daga barci. Malamin daji ya ce a gaban kowa, "Arɗo, wannan na Hajiya ne, gadon mijinta. Ta kawo ta nan. Kai ne kusa, amana a hannunka. Hajiya za ta dawo ta ga yadda take." Arɗo ya dube ni, ya dubi ƙunshin zanin, ya ɗora hannu a ƙirji ya ce, "Na karɓa."

Aka kwance shi a bakin ruwa. Mutane suka ja baya suna jira ya tashi. Bai tashi ba. Ya girgiza jiki, ya ɗage ƙafa ɗaya, ya tsaya yana kallon sararin da bai taɓa gani ba, daga baya ya sunkuya ya fara tsattsagar ciyawa. Can nesa akwai wasu gauraki na daji suna kiwo, ya ɗaga kai wajensu sau da yawa. Malamin daji ya ce mu tafi, in muna nan ba zai je ba. Muka tafi. A mota yana ta murna yana buga sitiyarin direba, ni kuma ina jin yunwa. Da na dawo gida na sa aka sauke koma, na share kashin tsuntsu, na yi wanka.

Sai bayan an yanke shinkafa muka koma. A hanya malamin daji bakinsa bai rufu ba. An ga iyaye da 'ya'yansu a fadamar, abin da aka daɗe ba a gani ba. Mafarauta sun kori wasu baƙi da suka zo da buhu. Wani tsohon alƙali a Barade ya ce in na Hajiya ya zauna lafiya da na daji, shi ma zai ba da nasa guda biyu, in kuwa alƙali ya bayar wasu za su bi. Ni abin da nake so kaɗan ne. In tsaya a bakin ruwa, a nuna mini wasu tsuntsaye can nesa a ce yana cikinsu, in kasa gane wanne ne.

Amma ba bakin ruwa aka kai mu ba. Arɗo ya aiko a tarye mu a kai mu ruga. Aka shimfiɗa mini sabuwar tabarma, matansa suka kawo kindirmo da fura a ƙwarya mai faifai, aka yi gaisuwa mai tsawo, gida, gajiya, sanyi, shanu. Mutanen rugar duk suka fito suka kewaye mu. Sannan Arɗo ya juya ya yi magana da Fulatanci, ya ce da ni, "Bari a kawo miki dukiyarki, Hajiya."

Daga bayan bukka, ta wajen da ake ɗaure maruƙa, sai ga shi yana tafe cikin kaji. Ya yi ƙiba, gashinsa yana sheƙi, tukkun nan tsaf. Malamin daji ya ajiye ludayin da ke hannunsa.

Arɗo ya gyara zama ya ba mu labari, yana murmushin wanda ya sha wuya ya fita kunya. Ya ce bayan tafiyarmu da 'yan kwanaki kumaren, haka suke ce masa, ya shiga cikin na daji. Wata safiya suka tashi, ya bi su. Aka wayi gari babu shi, aka sake wayewa babu shi. Ya ce abinci ya gagare shi. Mace ta ɗauko gadon mijinta ta kawo masa a gaban jama'a, aka ce za ta dawo, in ta dawo ya nuna mata me? Sai ya tashi 'ya'yansa da na ƙannensa, suka bar shanu a hannun mata, suka bi fadama fadama har kusa da babban kogi. Da ƙyar suka gane shi, don shi kaɗai ne ba ya gudun mutum sosai. Suka yaudare shi da dawa, suka jefa masa bargo.

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san wannan. Mutumin gari yakan ba Bafillace saniya kiwo, ya yi shekara bai leƙa ba. Ranar da ya zo, a fito masa da ita ya gani da idonsa, ta yi ƙiba, ga ɗanta. Wanda aka zo bai iya nuna abin da aka ba shi ba, ya gama yawo a cikin mutane. Arɗo bai taɓa kasa nunawa ba, ubansa ma haka.

Ya ce, "Na ji an ce da almakashi ake yi masa a gida. Almakashi ba ya riƙewa, gashi yana dawowa. Sai na yi masa irin wanda muke yi wa zabi, daga gaɓa." Ya sa aka kamo shi, ya buɗe fiffiken dama a hankali don in gani. Ƙarshen fiffiken babu shi, daga inda ƙashi yake lanƙwasa. Wurin ya warke sumul. Ya ce da wuƙa mai zafi ya yi, ya shafa man shanu, ko ƙuda bai sauka a kai ba. "Yanzu ko shekara nawa kika yi, Hajiya, kina zuwa za ki same shi."

Malamin daji ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya dubi mutanen da ya yi fiye da shekara yana bi kafin su zauna wuri ɗaya, ya sunkuyar da kai. Na san abin da yake lissafawa. In ya kunyata Arɗo a gaban rugarsa, shanu za su koma cikin sheƙa kafin wata damina.

Ni kuma na jira fushi ya zo. Na san hanyarsa, ta wuya yake fara hawa. Na jira, bai zo ba. Tsohon nan ya bar shanunsa saboda ni, ga shi yana dubana yana jiran abin da zan ce, matansa suna dubana, 'ya'yan da suka sha ƙaya a fadama suna dubana.

Na ce, "Baffa, da ya tashi, ka gani da idonka?"

Ya ce, "Ina tsaye."

"Ya yi sama sosai?"

Ya ce, "Kai, Hajiya! Ya fi su duka. Sai da ya koma kamar ƙuda, daga nan na daina ganinsa. Ranar na ce na shiga uku."

Na ce, "Allah ya saka da alheri, Baffa. Ka riƙe amana."

Ya ji daɗi ƙwarai. Ya tambaya ko zan bar shi ya ci gaba da kiwo ko zan tafi da abina. Na ce zan tafi da shi, don na daji suna wucewa ta saman rugar safe da yamma, ban ga amfanin ya dinga ganinsu ba. Suka cika mana ƙwarya da man shanu, suka raka mu har mota.

Ba mu zo da zani ba, ba mu zo da safa ba, don ba mu zo ɗaukar komai ba. Sai na shiga gaba na ɗora shi a cinya na rungume. Ya yi nauyi. Da direba ya tayar da mota ya firgita, ya ƙwace fikafikansa ya fara bugawa da ƙarfi. Na hagun ya yi ta marina a fuska har gyalena ya zame. Na daman yana ta motsi a gefen hannuna, bai kai ko kafaɗata ba.